Nisan Kaza da 'Ya'yanta: Yadda Masana Taurari Suke Rubuta Awonsu

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na kimiyya ya kai mu ɗakin gwaje-gwaje, ya ba kowane rukuni zare da ɗan ƙwallon ƙarfe da agogo. Ya ce mu rataye ƙwallon mu sa shi lilo, mu auna lokacin da yake ɗauka, daga nan mu fitar da ƙarfin da ƙasa take jan abubuwa da shi. Na yi lissafina, kalkuleta ta ba ni 9.8734216. Na kwafe lambobin nan kaf, ban bar ko ɗaya ba, don a ganina yawan lambobi shi ne alamar an sha wuyar aiki. Da littafina ya dawo sai na tarar da jan biro a ƙarƙashin amsar. Malam ya rubuta: "Tara da ɗigo takwas na mene ne, awaki ko tumaki? Kuma wa ya gaya maka lambobi shida na ƙarshe?"

Abin ya ba ni haushi ƙwarai, har na bi shi ofis. Bai ja magana da ni ba. Ya dai miƙo mini waɗansu takardu masu ɗauke da jadawalin taurari, ya ce in je in duba yadda mutanen da suke auna abin da ba su taɓa taɓawa ba suke rubuta lambobinsu. Abin da na koya daga takardun nan da kuma karatun da na yi bayansu, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Tun da wuri in faɗi cewa ilmin taurarin da nake nufi ba na masu duba ba ne, na masu awo da lissafi ne.

Tambayar Malam ta farko ita ce ta ma'auni. Kowa ya san idan aka aiko daga gida aka ce a sayo gero goma, ba a faɗi kome ba tukuna. Mudu goma ne, ko tiya goma, ko buhu goma? A kasuwa abin da sauƙi, sai a koma a tambaya. Amma jadawali takarda ce, ba ta amsa tambaya, kuma mai karanta ta wataƙila yana wata ƙasa, ko kuwa sai bayan shekara hamsin zai ɗauke ta. Saboda haka abin da na fara lura da shi a takardun Malam shi ne, a kan kowane layin tsaye an rubuta sunan abin da aka auna, a ƙarƙashinsa kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi. Sau ɗaya ake rubuta shi, can sama, ba a maimaita shi a jikin kowace lamba. Kuma da zarar an fara layi da ma'auni guda, ba a sake shi a tsakiyar hanya.

Kada wani ya ɗauka wannan tsirfar malamai ce kawai. A watan Disamba na 1998 hukumar NASA ta Amurka ta harba wani kumbo don ya zagaya duniyar Mas yana binciken yanayinta. Kumbon yana da ƙananan injuna masu tura shi su gyara masa hanya. Kamfanin da ya ƙera shi yana aiko da lissafin ƙarfin turin nan bisa ma'aunin laba, watau tsohon ma'aunin Ingila, su kuwa masu tuƙa kumbon daga ƙasa suna ɗaukar lambobin a matsayin nuton, ma'aunin da mu ma muke koya a aji. Ƙarfin laba ɗaya kuwa daidai yake da nuton 4.45. Ke nan duk gyaran da aka lissafa, an raina shi fiye da ninki huɗu. Wata tara ana tafiya a haka. A ranar 23 ga Satumba, 1999, kumbon ya isa Mas, ya sauko har kimanin kilomita 57 daga doronta, alhali ba zai iya jure ƙasa da kilomita 80 ba. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kimanin dala miliyan 125 suka tafi, kuma ba a ce wani bai iya lissafi ba. Lambobin daidai suke, sunansu ne ba a tantance ba.

To, su masana taurari wane ma'auni suke amfani da shi? Kilomita ta yi musu ƙanƙanta. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, kuma wannan tazarar ita kanta ma'auni ce, wadda ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar a 2012 a kan mita 149,597,870,700. Idan aka wuce rana da duniyoyinta sai a koma ga shekarar haske, watau nisan da haske yake ci a shekara guda yana gudun kusan kilomita 300,000 a kowane sakan. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne, a jadawalin ƙwararru ba kasafai ake ganin shekarar haske ba. Abin da suke rubutawa shi ne fasek, wanda ya yi daidai da shekarar haske 3.26. Don a gane dalili, sai an san yadda ake auna nisan tauraro.

Mai karatu, miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon hagu ka dube shi, sa'an nan ka rufe na dama ka buɗe na hagu. Za ka ga yatsan ya goce daga inda yake idan ka gwada shi da bangon da ke bayansa. Matso da shi kusa da hanci, gocewar za ta ƙaru. Nesanta shi, za ta ragu. Haka ake yi wa tauraro. Ido biyun su ne wurare biyu da duniya take tsayawa a zagayenta na rana: a dubi tauraron yau, a sake dubansa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen, kimanin kilomita miliyan 300 daga inda take. Rabin gocewar da aka gani shi ake rubutawa. Ana auna ta da kusurwa: da'ira digiri 360 ce, kowane digiri minti 60, kowane minti sakan 60. Faɗin wata ranar sha huɗu kusan rabin digiri ne, watau sakan 1,800. Tauraron da gocewarsa ta kai sakan ɗaya cif, nisansa fasek ɗaya ke nan. In ta zama rabin sakan, fasek biyu. A raba ɗaya da gocewar, a sami nisan, shi ke nan. Sauƙin nan ne ya sa suka riƙe fasek. Babu ma tauraron da ya kai kusancin fasek ɗaya. Mafi kusa da mu bayan rana yana fasek 1.3.

A nan akwai wani tarko da na faɗa ciki da kaina. Sakan iri uku ne a jadawalin taurari. Akwai sakan na agogo, wanda muka sani. Akwai sakan na kusurwa, wanda na bayyana yanzu. Akwai kuma na uku, domin wajen faɗin mazaunin tauraro daga yamma zuwa gabas, ana kasa sararin sama gida 24 ana kiransu awa, kowace awa da mintocinta da sakan-sakan ɗinta, kuma sakan ɗaya na wannan kason daidai yake da sakan 15 na kusurwa. Na ɓata maraice guda ina mamakin me ya sa lissafina ya ƙi fita, ashe layi biyu maƙwabtan juna na haɗa, ɗaya na awa, ɗaya na digiri. Jadawali mai kyau yana raba su da alama: ƙananan haruffa h da m da s ga na awa, ɗan zobe da karan sama ɗaya da karan sama biyu ga na digiri. Haka kuma ma'aunin hasken taurari juye yake, ƙaramar lamba ita ce mafi haske. Tauraron da ya fi kowane haske da dare, Siriyus, lambarsa −1.46 ce, rana kuwa −26.7. Idan mai buga takarda ya yar da ɗan karan nan na ragi, ya mai da rana abin da ko madubin hangen nesa mai ƙarfi sai da ƙyar zai gano.

Yanzu sai tambayar Malam ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi. Babu awon da yake cif. Hannu yana rawa, iska tana sa tauraro ƙyalƙyali, na'ura tana da iyakarta. Mai awo na gaskiya ba amsa kaɗai yake bayarwa ba, yana faɗin gwargwadon shakkar da ke cikinta, da wata alama mai kama da haka ±, wadda ake karantawa "ƙari ko ragi". Mutumin da ya fara buga amintaccen awon nisan tauraro shi ne Firedirik Besel, Bajamushe, a 1838. Ya auna wani ƙaramin tauraro mai lamba 61 a rukunin da ake kira Signus, ya sami gocewar sakan 0.314. A waɗansu littattafai za ka ga an rubuta ± 0.020 a gabanta, a waɗansu kuma ± 0.014. Ba wanda ya yi kuskure. Hanya biyu ce ta faɗin shakka. Ta farkon, wadda aka fi bi a yau, tana nufin in da za a maimaita irin awon nan sau ɗari, kimanin sau 68 gaskiya za ta faɗo cikin iyakar da aka shata. Ta biyun, wadda mutanen dā suka fi so, iyakar sau 50 ce cikin ɗari, shi ya sa ta fi ƙunci. In aka ninka ta farkon biyu, sai a sami iyakar sau 95. Don haka a ƙarƙashin jadawali dole a rubuta wace iri ake nufi, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka wani ya fi wani iya awo alhali kuwa awo ɗaya ne. Awon zamani ya ba tauraron Besel sakan 0.286. Ya ɗan wuce iyakarsa ta farko, amma yana cikin ninki biyunta. Ga mutumin da ya yi aiki da ido da hannu, ni dai na sara masa.

Daga nan na gane laifin lambobina shida. Idan shakkar awona ta fara tun daga lamba ta farko bayan ɗigo, to duk abin da ya biyo bayanta ƙage ne, kalkuleta ce ta haife shi, ba awo ba. Ƙa'idar ita ce a rubuta shakka da lamba ɗaya ko biyu masu ma'ana, sa'an nan a datse amsar a daidai gidan da shakkar ta tsaya. Rubuta 136.2 ± 1.2 daidai ne. Rubuta 136.2371 ± 1.2 cika baki ne. Rubuta 136 ± 1.2 kuwa rowa ce, an ɓoye abin da aka sani.

Ban zaɓi lambar nan 136.2 haka kawai ba. Nisan wani abu ne da kowane ɗan ƙauye ya sani: Kaza da 'Ya'yanta, curin taurarin nan da muke gani a sama da daddare lokacin hunturu. Da ido shida ko bakwai ake gani, amma sun fi dubu. A 1989 hukumar sararin sama ta ƙasashen Turai ta harba wani tauraron ɗan'adam mai suna Hifarkos don ya auna gocewar taurari daga sama, inda babu iskar da za ta dame shi. An fitar da jadawalinsa a 1997, mai ɗauke da taurari kusan 118,000. Aiki ne babba, amma da aka zo kan Kaza sai rigima ta tashi, domin ya kawo ta kusa fiye da yadda sauran hanyoyin awo suka nuna. Ga yadda manyan awo uku suka kasance:

Shekara | Abin awo | Nisa (fasek)
2009 | Hifarkos, bayan sabon lissafi | 120.2 ± 1.5
2014 | Faya-fayan rediyo na ƙasa | 136.2 ± 1.2
2016 | Gaya, jadawalin farko | 134 ± 6

Shakka a nan ta sau 68 ce cikin ɗari. Gaya ɗin nan kuma ba garin Gaya na Kano ba ne, sunan wani tauraron ɗan'adam ne da Turai ta harba a Disamba 2013 don ya gaji Hifarkos.

A dubi layi biyu na farko da kyau. In da ba a rubuta shakka ba, sai mutum ya ce 120 da 136 ai duk tafiyar ɗaya ce, abin da ke can ƙuryar sama wa zai damu da bambancin 16? Amma da shakkar a gabanmu, magana ta sake. Iyakar Hifarkos ta sama ita ce 121.7. Iyakar rediyo ta ƙasa ita ce 135.0. Ba su haɗu ba, ba su ma yi kusa ba. Tazarar da ke tsakanin amsoshin ta ninka shakkar kowannensu fiye da sau goma. Wannan ba rawar hannu ba ce. Lalle ɗayansu yana da ciwon da bai sani ba. A shekarun haske, ɗaya yana cewa 392, ɗaya yana cewa 444.

Me ya sa aka damu? Saboda ainihin hasken tauraro daga nisansa ake lissafa shi. In Kaza tana fasek 120, to taurarinta sun gaza hasken da ilmin kimiyya ya ce taurari irinsu su yi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, ke nan akwai gyara a fahimtarmu ta yadda taurari suke ci da wuta. Bugu da ƙari, da Kaza ake gwada waɗansu curin taurari da suka fi ta nisa, da su kuma a gwada na gaba da su, kamar matakan tsani. In matakin ƙasa ya karkace, na sama duk sun bi shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake jayayya a kai. Fasek 120.2 gocewar sakan 0.0083 ce, fasek 136.2 kuwa 0.0073. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, watau kamar tsawon mutum yana tsaye a kan wata, kai kuma kana hangensa daga nan.

Awon 2014, wanda Kal Melis da abokan aikinsa suka yi, ya haɗa manyan faya-fayan rediyo da ke warwatse daga Amurka har Jamus suka zama kamar ido guda. Da Gaya ya zo a 2016, shakkarsa ta fi ta kowa faɗi, daga 128 zuwa 140. Wani zai ce ai wannan shi ne mafi rauni a cikinsu. Amma ko da faɗin nasa, ya rungumi 136.2 ya bar 120.2 a waje. Jadawalinsa na 2018 ya matse shakkar, amsa ta tsaya wajen 136. Gaya ya ci gaba da aiki har aka kashe shi a watan Maris na 2025, bayan ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya.

To ina Hifarkos ya tuntuɓe, tun da ya rubuta shakkarsa kamar yadda ya kamata? Malam ya ba ni misali da tela. A ce tela yana da tef ɗin awo da ya tsufa ya miƙe. Ya auna ka sau goma, kullum amsa ɗaya yake samu, har ya rantse babu shakka a awonsa. Rigar kuwa in ta fito sai ta matse ka. Maimaita awo yana rage shakkar rawar hannu, amma ba ya taɓa ciwon da ke jikin ma'aunin, don kowane awo da shi aka yi. Taurarin Kaza a cure suke wuri ɗaya, Hifarkos yana kallonsu kusan lokaci ɗaya, saboda haka ɗan kuskuren da ya shafi ɗaya ya shafi sauran, haɗa su a fitar da matsakaici bai wanke shi ba. Wannan ya sa a takardun yanzu za ka ga shakka biyu a jere bayan amsa, ɗaya ta warwatsuwar awo, ɗaya ta abin da ake zargin na'urar da shi. A ra'ayina wannan shi ne mafi kyawun tsari, ko da yake yana cika layi.

Sauran abubuwan da na lura da su ƙanana ne, amma suna ceton mai karatu. Ana jera lambobi ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, don ido ya gane babba da ƙarama ba tare da ƙirga ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, su rubuta 136,2, mu kuwa waƙafi na raba dubbai ne. Don haka 1,500 a Maraɗi ɗaya da rabi ne, a Katsina dubu da ɗari biyar. Manyan jadawalai sukan kauce wa wannan ta barin ɗan fili tsakanin dubbai. Inda ba a yi awo ba, ba a rubuta sifiri, sai a ja kara ko a sa ɗige-ɗige, domin sifiri amsa ce, yana nufin an auna an sami babu. Inda abu ya yi dusu-dusu har na'ura ta kasa kama shi, sai a sa alamar < a gaban lamba, ma'ana bai kai haka ba. Wani lokaci kuma shakkar sama ba ta daidaita da ta ƙasa, sai a rubuta ƙari daban, ragi daban, ɗaya bisa ɗaya.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai game da jan biron Malam shi ne, manya ma sun yi irin nawa. A 1929 Edwin Habul ya buga zanen da ya nuna cewa tarin taurari masu nisa suna gudu daga gare mu, mafi nisa mafi sauri. Zanen nan yana cikin mafi shahara a tarihin kimiyya, amma a gefen da ya nuna gudu, kilomita kawai aka rubuta, aka manta da "a kowane sakan". Lambar da ya fitar, wajen 500, ita ma ta ninka ta yanzu kusan sau bakwai. Awon tauraron ɗan'adam Filank na 2018 ya ba da 67.4 ± 0.5, na Adam Ris da jama'arsa na 2022 kuma 73.0 ± 1.0, duka a ma'aunin kilomita a sakan ga kowane fasek miliyan. Mai karatu ya gwada iyakokinsu da kansa kamar yadda muka yi wa Kaza, ya ga ko sun haɗu.

Ni kuwa na koma ɗakin gwaji ranar Asabar, na roƙi mai kula da kaya ya ba ni zare da ƙwallon. Na auna lilo ashirin-ashirin har sau biyar, na ga yadda amsoshin suka warwatsu, na kuma tuna cewa yatsana ba ya danna agogo daidai lokacin da idona ya gani. Na ja jadawali da rula, na sa ma'auni a kan kowane layi, na rubuta a ƙasa: mita 9.9 ± 0.2 a sakan a kowane sakan. Littafinmu ya ce 9.8. Malam ya duba, ya sa hannu, sa'an nan ya tambaye ni ko na gwada rular da na auna zaren da wata rular. Ban gwada ba.